Audugar Ƙarfi a Kumasi

A Ikko aka fara yi mini dariya saboda matashin kai. Na sauko daga jirgin ƙasa, ƙafafuna sun kumbura don zaman da na sha tun daga Funtua, akwatin sifanu a hannun dama, matashin kai a hammatar hagu, sai wani ɗan dako ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, gadon fa? Yana baya?" Inna ce ta ɗinka mini shi, ta cika shi da audugar gonarmu ta Ƙarfi wadda ta gurje da hannunta, irin farar nan da malamin awo ba ya ko juya ta sai ya ce lamba ɗaya. Duk inda na sa ƙafa, da shi nake sawa.

A lokacin an yi kamar shekara uku da samun 'yancin kai. Na shekara biyar ina koyon kanikanci a wani gareji a Funtua, muna gyaran manyan motocin da ke kai auduga gidan gurza, har na fara jin babu injin da zai yi tari ban san abin da ya shaƙe shi ba. Fataken goro suka ce mini a Kumasi bakanike sarki ne, ni kuwa na hau na zauna. Babana, wanda har ya koma bai bar addinin kakanninsa ba, bai hana ni tafiya ba. Magana ɗaya ya yi: "Tanko, in ka dawo da talauci, gidan nan naka ne. In ka dawo da sunan ɓarawo, ka nemi wani uban."

Daga Ikko muka shiga ƙasar rainon Faransa, muka nufi Kwatano. Muna ƙetare iyaka direba ya karkata motar ya bar hannun hagu da muke bi a gida a lokacin ya koma hannun dama, na ga wata babbar mota ta taho ta inda ban saba gani ba, na ƙwalla ihu na kama wuyan na gabana. Mota duka ta ɗauki dariya. Ashe haka suke tuƙi a can, kowa a baibai, kuma ba mai mutuwa.

A tashar Kwatano na haɗu da mutumin da har yau in na tuna shi sai na ji ɗaci a bakina. Farar riga, carbi a hannu, Hausa tsaf kamar daga Gusau ya fito jiya. Ya tambayi garinmu, na faɗa, ya ce ai ya san Malumfashi kamar tafin hannunsa, har ya ambaci ranar kasuwa daidai. Ya ɗaga akwatina ya ji nauyi, sai ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, Allah ne ya haɗa mu. Masu tsaron iyakar gaba ba sa barin ƙarfe ya wuce, cewa za su yi makami ne. Kawo in bi da shi ta kwalekwale, ka jira ni a gindin kwakwar da ke bayan shingen."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Na hau mota zuwa iyakar, na ƙetare, na sami kwakwar, na zauna tun hantsi har inuwa ta juya ta koma gabas. Kowace farar riga ta ɓullo sai in miƙe. Sai da la'asar ta yi sanyi na yarda cewa sifanun da na shekara biyar ina tarawa ɗaya bayan ɗaya sun tafi. Abin da ya fi girgiza ni ba rashinsu ba ne, a'a, da harshen uwata aka cuce ni.

Wata mata mai tuyar kifi a gefen hanya ta daɗe tana kallona. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta ƙunso wani tuwon masara mai tsami a cikin ɓawo, da kifi biyu da barkono, ta ajiye a gabana ta koma bakin kaskonta. Warin ya bugi hancina, na ce a raina wannan ai ya lalace. Yunwa ta ce ƙarya nake. Na cinye tas ina share hawaye, ina ɗora wa barkonon laifi.

Ankara, babban birnin ƙasar da Kumasi take, ban ga komai a cikinta ba sai teku, shi ma ban so shi ba, ruwa ba gaɓar tsallake. Hanyar Kumasi kuwa kurmi ne ya rufe ta ta ko'ina. Mu a Ƙarfi in ka tsaya a bakin gona kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo, amma nan ko sararin sama sai ka ɗaga kai ka nemo shi. Ji na yi kamar an sa ni a rumbu an rufe.

A zangon Hausawa aka nuna mini gidan Alhaji Mamman, wani tsohon dillalin goro mutumin Kafur, wanda ya fi shekara talatin a can amma har lokacin Katsinancinsa bai goge ba. Da na faɗi sunan babana sai ya ajiye butarsa.

"Kai ɗan Sarkin Noma ne? Mutanen da in ka manta damin dawa a gonarsu ka dawo baɗi ka same shi? Zauna, yaro. Ka zo gida."

Ya ba ni ɗaki, ya sa aka yi mini tuwon dawa miyar kuka, wanda na ci kamar zan haɗa da kwanon. Amma bakanike ba sifana direba ne kawai, in ma ya iya tuƙi. Bayan mako biyu Alhaji ya ce in sa riga mai kyau, za mu ga mai mota. Muka shiga kasuwa ina ta waige-waigen wani alhaji mai tumbi, sai aka tsayar da ni gaban wata mace ƙatuwa a kan kujera, tsakanin tulin doya da ayabar dafuwa, makulli rataye a wuyanta. Na raɗa wa Alhaji, "Ina maigidan?" Ya taka mini ƙafa. Ita ce mai motar, sunanta Mame Ajuwa, kuma mijin nata ma in zai hau sai ya nemi izini.

Ta dube ni kamar mai sayen rago. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, direbobi biyu ta kora, duka ɓarayi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Mame, wannan in ya ɗauki allurarki, ni na ɗauka." Haka aka ba ni makulli.

Motar a-kori-kura ce mai shan gas, ta ɗan tsufa amma injinta na da lafiya, in ta tashi sai ka ji tana bugawa daidai kamar mata biyu a turmi ɗaya. Aikina in shiga ƙauyukan kurmi in kwaso doya da ayaba in kawo kasuwa. Na so motar nan. Kullum da safe sai na zare sandar awon baƙin mai na goge na mayar na sake dubawa, kamar yadda aka koya mini.

A wata na biyu, a wata hanya mai ramuka, murfin tankin gas ya faɗi ban sani ba. Na koma da ƙafa na neme shi har na gaji, kurmi ya haɗiye abinsa. In gaya wa Mame? Macen da ta kori mutum biyu? Na ce a'a. Mu a gida in murfin kwalbar man gyaɗa ya ɓata ba ma kai ƙara wurin kowa, auduga muke cusawa. Na farke gefen matashin Inna na ciro dunƙule guda, na cusa a bakin tankin ya zauna daram, na ɗaure da tsumma ta waje. Har yaba wa kaina na yi. In toshiyar ta jiƙe ta lotsa ciki sai in ƙara mata sabuwa, don haka kullum akwai 'yar auduga a aljihuna.

Bayan kamar wata guda, wata safiya na zare sanda na ga baƙin mai ya sauka ƙasa da alama. Na ƙara. Kwana huɗu ya sake sauka. Na je wurin Mame na karɓi galan, mako bai cika ba na koma neman wani. Ta miƙo mini, amma ta bi ni da ido har na fita daga rumfar.

Na yi duk abin da na sani. Na share ƙasa na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin injin ya kwana, da safe ko ɗigo babu. Na buɗe lagireto ko man ya haɗu da ruwa, ruwa garau. Na sa wani ya taka totur na tsuguna a bayan salansa ina jiran shuɗin hayaƙin da injin ke yi in yana ƙona baƙin mai, ban ga abin kirki ba, ɗan hayaƙi ne irin na kowace motar gas. Na shafa jikin injin da hannu lungu-lungu, a bushe. Ga shi kuma motar ta fara sanyin jiki, in ta zo hawa sai ta riƙa shessheƙa kamar mai asma. Mai yana tafiya, ba ta ƙasa ba, ba ta ruwa ba, ba ta hayaƙi ba. Wallahi har na fara tunanin ko ƙasar ce ke da aljanu masu shan baƙin mai.

Ranar da abin ya fashe, na taho da lodin doya, ina tsakiyar wani hawa na ji injin ya canza murya, wani ƙwas-ƙwas na ƙarfe kan ƙarfe. Na kashe nan take. Na zare sanda, a bushe ƙayau, ko laima babu. Jiya-jiya na cika ta da hannuna! Na zauna a bakin hanya. Sai da wata babbar mota ta ja ni zuwa gari, doyar Mame ta iso bayan kasuwa ta watse.

A gaban 'yan kasuwa Mame ta yi mini tas. Ta ce ta bincika, masu injin niƙa na ƙauyukan da nake zuwa suna sayen baƙin mai a hannun direbobi. Ta ce mota ba ta yoyo, ba ta hayaƙi, to mai ya yi fiffike ne? Ta aika aka kira Alhaji Mamman, tsoho ya taho yana dogara sanda, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kai ka ce allura. Ga galan-galan." Ta ba mu zuwa Juma'a, in ba a nuna mata inda manta ya shiga ba, 'yan sanda za su tambaye ni.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai da muka kai ƙofar gida Alhaji ya juyo ya dube ni.

"Tanko, tsakaninka da abin da kake bauta wa, ka taɓa?"

"Baba Alhaji, ban taɓa ba."

"Shi ke nan. Amma ka sani, ayarin su Malam Ilu zai tashi da goro ranar Asabar, kuma ta Malumfashi za su bi. Abin da suka ji shi za su sauke."

Ban ji tsoron 'yan sanda kamar yadda na ji tsoron wannan ba. Na hango babana zaune a gindin ɗorawar ƙofar gida, wani yana tsugunawa yana ba shi labari.

Alhaji ya haɗa ni da wani tsohon bakanike, Masta Kwaku, Ba'ashante ne amma ya yi aikin soja da Hausawa, yana jin Hausa har da zagi. Siriri ne, yatsa ɗaya ya guntule. Muka tura motar garejinsa ranar Alhamis da safe. Na zayyana masa duk abin da na duba, ina yi ina ƙara wa kaina girma, don ya san ba da ɗan koyo yake magana ba. Ya saurara yana tauna asuwaki.

"Ka duba duk ƙofofin da mai zai fita waje," in ji shi. "Wa ya ce maka waje ya fita?"

Ya kwance kwanon matatar gas, ya tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani, ya ce in samo masa farar takarda. Garejin kaf babu abu fari ko ɗaya. Sai na tuna aljihuna, na ciro audugar Inna na miƙa masa. Ya raba ta biyu. Ɗaya ya ɗiga mata gas daga durom ɗinsa, ta jiƙe ta yi ruwan zuma-zuma, fes. Ɗayar ya ɗiga mata na motata.

Ta yi baƙi ƙirin kamar an tsoma ta a tawada.

Na ƙura ido. Baƙin mai a cikin gas! Wata biyu ina nemansa a ƙasa da sama, ashe yana cikin tanki a bayana, ina yawo da shi, injin yana ƙona shi kaɗan-kaɗan tare da gas yadda hayaƙin ba zai tona ba. Masta ya kwance wani ɗan famfo a gefen injin, wanda ke zuƙo gas daga tanki. Ya nuna mini sandar da ke motsa shi, wadda gindinta ke wanka cikin baƙin mai, da 'yar robar da ke raba tsakani, ta cinye ta yi laushi. Ta nan famfon ke tsotsar baƙin mai yana haɗawa da gas, ragowar da injin bai sha ba ta bi bututu ta koma tanki.

Na yi tsalle na rungume tsohon nan da dattinsa da komai. Na aika a gaya wa Alhaji ya zo da Mame, ya zo da su Malam Ilu ma in da hali. Amma Masta bai yi dariya ba, yana ta juya robar a hannu.

"Ta tsufa, gaskiya. Amma na ga waɗanda suka fi ta tsufa ba su sha mai haka ba. Famfo ba ya tsotsar ta baya sai an shaƙe shi ta gaba. In ka toshe wa mutum baki, ta hanci zai nema. Sauke tankin."

Muka sauke, muka juye baƙin gas ɗin a baho. Ya zare bututun da ke zuƙa, sai ga wani ƙullutu ya naɗe bakinsa, baƙi, mai silɓi, kamar mataccen ɓera. Ya ɓamɓare shi, ya wanke a kananzir, ya riƙa tsefe shi da guntun yatsansa. Zare-zare ya fara fitowa. Can sai wani ɗan abu mai tauri ya faɗo a tafinsa, ya mirgina.

Ƙwayar angurya ce, guda ɗaya da ta kuɓuce wa Inna wajen gurza.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Duk toshiyar da na ga tana lotsawa ina ƙara mata, ashe cikin tanki take zubewa. Masta ya dubi bakin tankin da tsummana ke ɗaure, ya dubi audugar da na ba shi ɗazu, ya dube ni. Ya dunƙule hannunsa a kan ƙullutun.

"Ga kwata can," ya ce a hankali. "Robar kaɗai ta isa ta wanke ka. Ni ban ga komai ba."

Ban kai ga amsawa ba sai ga su sun shigo, Mame a gaba, Alhaji a baya da fatake uku. Masta ya nuna musu auduga biyu, fara da baƙa, ya nuna robar, ya yi bayani da yarensu ya sake da Hausa. Mame ta sunkuya ta leƙa bahon, ta sa yatsa ta murza. Alhaji kuwa fuskarsa ta washe, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kin gani? Na gaya miki! Malam Ilu, miƙo mini Alƙur'anin da ke jakarka. Yau a gaban kowa zan dafa in rantse babu hannun yaron nan a ciwon motar nan, ko na ƙwayar zarra."

Malam Ilu ya fara kwance jaka. Tsohon da ya ba ni ɗaki, ya ba ni tuwo, ya jingina sunansa na shekara talatin a kaina, zai dafa Littafinsa a kan abin da ni na san ba haka ba ne. Ban san lokacin da na riƙe hannun rigarsa ba.

"Baba Alhaji, kada ka rantse. Masta, buɗe hannunka."

Na faɗi komai, tun daga murfin da ya faɗi har matashin Inna. Ina magana ina kallon ƙasa. Mame ta ɗauki ƙwayar anguryar ta ɗaga ta sama tana kallo, ta sa aka sake fassara mata don ta tabbata ta ji daidai. Murfin da ko kuɗin doya biyu bai kai ba! Ta dafe kai da hannu biyu, ta zazzaga wani dogon abu da yarensu wanda Masta ya ƙi fassarawa. Sannan ta miƙo hannu na ba ta makullinta.

"Wannan ba ɓarawo ba ne," ta ce. "Wawa ne."

Alhaji ya matso da sauri. "Mame, don Allah sake faɗa, da ƙarfi. Malam Ilu kunnensa ɗaya ba ya ji sosai."

Ta sake faɗa, har na gareji na gaba suka ji.

Aiki dai ya tafi. Masta Kwaku ya ce wawan da ya hana a yi rantsuwar ƙarya zai iya riƙe masa sifana, na zauna da shi shekara biyu, a wurinsa na san cewa da can ban iya komai ba. Matashin kuwa ya koma kamar fanke, haka na ci gaba da kwana a kansa.

Da na tashi komawa gida, na sauka a Malumfashi na ƙarasa Ƙarfi da ƙafa, ana tsakiyar tsinkar auduga, gonaki fari fat har iyakar gani. Tun daga nesa na hango babana a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa ya tare bakin ƙofa. Na tsuguna na gaishe shi, ya daɗe yana kallona. Inna ta leƙo daga zaure, idonta ya sauka kan abin da ke hammatata, ta riƙe baki.

"Fatake sun wuce ta nan shekarar waccan," in ji Baba. "Sun ce a Kumasi an tara mutane an ce kai wawa ne."

"Haka ne, Baba."

"Iyakar abin da aka ce ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Ya janye ƙafarsa daga bakin ƙofa.

"To, wannan mun saba da shi a gidan nan. Shiga, uwarka na jira."